Toktosun da Zumar Sadakar Shekara

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun At-Bashi, da dawakai ake sanin namiji. Ƙanin mahaifiyata, Toktosun, ko jaki ba shi da shi. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya aka ɗora shi a kan dokin wani mai kuɗi a tseren biki, don ba shi da nauyi. Dokin ya yi tuntuɓe a bakin rafi, ya faɗo masa a ƙafar hagu. Mai ɗori ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ƙafar ta warke, amma a gajarce. Tun daga ranar bai sake sa ƙafa a likkafa ba. Yayansa Mederbek, wanda shi ya kamata ya hau dokin a ranar amma ya yi nauyi, yau garkensa ya haura goɗiya sittin.

Da Toktosun ya gama makaranta, shugaban gandun gwamnati ya rasa inda zai kai gurgu, sai ya tura shi wurin Yefim, wani tsoho ɗan Rasha mai kula da ƙudan zuman gandun. A lokacin aikin zuma na Rashawa ne. Ɗan makiyayin da aka tura can, an ajiye shi ne kawai inda ba zai tare wa kowa hanya ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin tsohon da gwangwanin hayaƙi. Da gandun ya watse, Yefim ya ɗaure kayansa ya koma ƙasarsu. Ya bar masa amya tara na katako, da gangar da ake juyawa a tatse zuma, da wani tiyo na roba mai tsawon kamu uku. Ya kuma bar masa doka guda: a watan Agusta ake tatsar ƙarshe, duk abin da ya rage a cikin amya bayan nan ba na mutum ba ne.

Dokar tana da dalili. Sanyinmu wata biyar yake yi, kuma ƙudan zuma ba barci suke yi a cikinsa ba. Curewa suke yi wuri guda, uwar a tsakiya, suna cin zumar da suka rufe da kaki kaɗan-kaɗan, suna kaɗa jiki don su sami ɗumi. Ba sa fita, ba sa kuma yin bayan gida a cikin amya. Riƙewa suke yi har ranar da rana ta fara zafi. Idan abincin mai kyau ne za su iya riƙewa. Idan ya ƙare, ko ya lalace, shi ke nan.

Daga amya tara ya kai su arba'in da ɗaya. Mutum ne marar magana, kullum yana ƙanshin hayaƙi da kaki, yatsunsa sun yi kauri saboda harbi. Idan ka je wurinsa da rani, kafin ya tambaye ka mutanen gida sai ya fara nuna maka inda za ka tsaya, kada ka tare wa ƙudan hanya. Zumarsa fara ce sol kamar kindirmo, ta furen harawar da ake shuka wa dawakai. Har daga Bishkek wasu mata biyu ke zuwa da mota duk shekara su saya. Amma a ƙauye sunansa Mai Ƙudaje. A taro can ƙarshen shimfiɗa yake zama, kusa da ƙofa, kuma idan ana rabon nama ƙashin da ke zuwa gabansa ba na manya ba ne.

Shi ne auta, don haka shi ya zauna a gidan gado da tsohuwa, kakata Uulkan. Shekara bakwai ta yi a kwance, ɓarin jikinta ya shanye. Shi da matarsa Burul ke juya ta, su wanke ta, su ba ta shayi da cokali. Mederbek yakan zo ranar Salla da cinyar rago, ya zauna rabin awa, ya ce tsohuwa ta yi kyau. Mahaifiyata Anarkan, wadda ita ce babbarsu, takan zo sau ɗaya a wata ta duba ko zanen gadon ya fita. Tsohuwa ta rasu a watan Oktoba.

Shekarar da ta biyo baya fari aka yi. Dusar ƙanƙarar da ta sauka a duwatsu ba ta da yawa, rafi ya ja baya tun watan Yuni. Mutane suka ji tsoron harawa za ta ƙone a tsaye, suka sa mata lauje tun furen bai gama buɗewa ba. Ƙudan suka tashi wata safiya suka tarar da gonaki a aske. Da Agusta ya zo Toktosun bai ko fito da gangar tatsa ba. Ya bi amyoyin ɗaya bayan ɗaya yana ɗaga bayansu da hannu, haka yake auna su. Biyar ya samu sun yi rauni, ya haɗe su da wasu, suka koma talatin da shida. Ya sa musu maganin ƙaramar kaskar nan ja da ke shan jininsu, ya ƙuntata ƙofofin saboda ɓera. Ya ce wa Burul za su kai, amma da ƙyar.

A ƙarshen Satumba, bayan dabbobi sun sauko daga makiyayar rani, aka zauna a gidansa a kan sadakar shekarar tsohuwa. Ni a lokacin na gama jami'a, na dawo ina koyar da kimiyya a makarantar ƙauye. Ina zaune bakin ƙofa ina zuba shayi.

Mederbek ne ya fara. "Ni na ba da goɗiya. Jar nan mai shekara huɗu, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Idan kitsen haƙarƙarinta bai kai yatsu huɗu ba ku canja min suna."

"Ni tumaki biyar," in ji mahaifiyata, "da shinkafa, da alewa, da mayafan da za a raba wa mata."

Sai suka juyo.

"To, auta?" in ji Mederbek.

"A gidan nan za a yi ai," Toktosun ya ce. "Itace, gari, mai, gawayi, duk Burul ta tanada."

"Itace!" Mederbek ya kalli mahaifiyata, wadda suke kira eje, wato babbar yaya. "Kin ji fa, eje. Ranar da surukaina za su kwance jakarsu a birnin Narin, itace za su tarar."

Kowa ya san abin da yake nufi. Ba a wurin cin abinci ake auna gida ba. Sai baƙo ya koma gidansa, matarsa ta zazzage jakar da aka sallame shi da ita a gaban maƙwabta, sannan ake yanke hukunci a kan mamaci da 'ya'yansa.

"Shekara arba'in kana kiwon ƙudaje," Mederbek ya ci gaba. "Ba a hawansu, ba a yanka su, ba a kai su sadaki. To sau ɗaya dai a rayuwa su yi wa gidan nan rana. Kwalba ɗaya a kowace jaka."

"Jaka nawa?"

"Ɗari biyu. Kuma ba 'yar kwalbar maganin tari ba. Ta lita."

"Baike," Toktosun ya ce, haka ake kiran yaya namiji a wurinmu, "bana babu zuma."

"To me ke cikin akwatunan can? Tsakuwa?"

"Abincinsu ne. Da kun faɗa min tun a Agusta..."

"A Agusta muna kan dutse muna fama da kyarkeci, ba mu zauna a inuwa muna kallon ƙuda ba. Wato abincin ƙuda ya fi uwarka?"

Burul, wadda al'ada ta hana ta kama sunan yayan mijinta, ta ajiye farantin da ke hannunta. "Mai Dawaki, shekara bakwai tsohuwa tana kwance a ɗakin nan, wa ya..."

"Amarya," mahaifiyata ta katse ta, "maganar 'yan uwa ake yi."

Shekararta talatin da biyu a gidan, har yanzu amarya. Ta ɗauki farantinta ta fita.

"Ka ba su sukari mana," Mederbek ya ce. "Kowa yana ba su. Ga 'yar boko nan, ƙwari ta je ta karanto a Bishkek. Kunduz, ana ba ƙudan zuma sukari ko ba a ba su?"

Na ɗago kai. "Ana ba su, tayake," na ce, haka muke kiran kawu, "amma..."

"Shi ke nan. Ana ba su. Zuba min shayi."

Abin da ke bayan ammar nan tawa shi ne, a Agusta ake ba su. Ruwan sukari ba ya zama abinci sai ƙudan sun kwashe shi sun zuba a saƙa, sun yi ta yi masa fifita da fukafukai har ya yi kauri, sannan sun rufe shi da kaki. Wannan aiki yana son ranaku masu ɗumi, mako biyu ko uku, kuma a Oktoba ba mu da su. Waɗanda za su yi aikin kuma su ne ƙudan da ya kamata su huta don su kai ƙarshen sanyi. Na san wannan, har na rubuta shi a jarrabawa. Amma butar shayi tana hannuna, manya uku suna kallona, kuma tun ina ƙarama ba a taɓa jin muryata a wannan ɗakin ba. Na zuba shayin.

Toktosun bai kalle ni ba. Lungun da gadon tsohuwa yake a da yake kallo, inda yanzu aka jera barguna.

"To," ya ce.

Ranar Lahadi ya tafi kasuwar At-Bashi ya sayo sukari buhu takwas. A saman motar maƙwabcinsa aka ɗaure su, a bakin kasuwar dabbobi, lokacin da rabin gundumar ke wurin. Daga Litinin ya fara buɗe amyoyin, da tsakar rana kawai, lokacin da iska ta ɗan yi sauƙi. Daga kowace amya ya zare allo uku na saƙar da aka rufe, waɗanda suka fi nauyi. Ƙudan sun riga sun fara curewa, ba su da ƙarfin tashi sosai, amma Burul ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin sun harbe shi kamar wannan makon ba, kuma ya ƙi sa ragar fuska. Zumar ta yi kauri saboda sanyi, ta ƙi fita. Sai da suka jera allunan a ɗaki kusa da murhu suka ɗumama, sannan suka yi ta juya ganga su biyu, shi ya gaji ta karɓa. Kwana shida. Kowace yamma ya dafa ruwan sukari a babbar tukunya ya bi amyoyin yana zubawa.

An yi sadakar, kuma ta yi kyau, ba zan ɓoye ba. An kafa bukkokin makiyaya uku na gashin tumaki a tsakar gida. Mata sun yi kukan tsohuwa kamar jiya ta rasu, liman ya yi karatu, motoci sun cika hanya har bakin gada. Kitsen goɗiya ya kai yatsu huɗu, dattawa suka yi ta auna shi suna jinjina kai. Toktosun yana bakin ƙofar gida tun safe da sabuwar hula, yana tarbar mutane. Da aka fara fito da jakunkuna, wani dattijo daga ƙauyen ƙetare ya leƙa tasa, ya ɗago kwalbar ya nuna wa rana.

"A shekarar farin nan? Kai, Toktosun, ka fitar da uwarka kunya."

Mederbek ya zo ya dafa kafaɗarsa a gaban mutane. "Ƙanina ne ai. Autanmu."

Na ga Toktosun ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin wanda ban taɓa gani a fuskarsa ba. Da aka zo rabon nama a zaman ƙarshe, aka matsar da shi sama da mutum huɗu. Ya ji daɗin ranar nan. Wannan shi ne abin da ya fi ci min rai idan na tuna.

Kwana uku bayan sadakar dusar ƙanƙara ta sauko, mako biyu kafin lokacinta. Ruwan sukarin ƙarshe da ya zuba ya daskare a cikin kwanukan, ba a taɓa shi ba. Ya ɗaga murfin amya guda ya leƙa da sauri. Ramukan saƙar a cike suke, suna ƙyalli, kuma a buɗe. Babu ko ɗaya da aka rufe.

A farkon Nuwamba shi da Burul da maƙwabcinsu suka ɗauke amyoyin a kan makara, ɗaya bayan ɗaya, suka shigar da su ɗakin ƙasa da ya haƙa a jikin tudun bayan gida. Nan suke yin hunturu kowace shekara, cikin duhu, a kan katakai, da tarkon ɓera a kowace kusurwa. Daga nan ba a sake buɗe su. Abin da ya rage wa mai zuma shi ne kunne.

Kowace safiya bayan shayi yakan ɗauki tiyon Yefim ya shiga. Ya zura baki ɗaya a ƙofar amya, ɗaya a kunnensa. Ya taɓa ba ni na saurara shekarun baya. Masu lafiya wani gunji suke yi ƙasa-ƙasa, bai ɗaya, kamar ruwa na tafiya a ƙarƙashin ƙanƙara. Idan ka ƙwanƙwasa katakon da yatsa sai gunjin ya tashi gaba ɗaya, ya sake kwanciya. Masu jin yunwa kuwa wata ƙara suke yi kamar ana taka busasshen ganye.

Disamba ya wuce lafiya. A mako na biyu na Janairu Burul ta ce min tun daga bakin ƙofar ɗakin ƙasan ake jin tsami. Ruwan sukarin da ba a rufe ba ya sha danshi ya ruɓe. Sun cinye ragowar zumar kirki, sun koma kansa, cikinsu ya ɓaci. Suka fara rarrafowa waje cikin duhu, suna ɓata gaban amyoyin da wani abu ruwan ƙasa, suna faɗowa ƙasa. Kullum yana share su da tsintsiya ya cika rabin bokiti.

Akwai dabara guda da ta rage. A daka sukari ya zama gari, a kwaɓa shi da zumar gaske kamar ƙullin gurasa, a ɗaga murfi da sauri a ɗora a saman allunan, daidai kan curin ƙudan. Sukari yana da shi, buhu biyu sun rage. Zuma ce babu. A gidan mutumin da ya yi shekara arba'in yana kiwon zuma, ko cokali ɗaya babu, don ranar sadaka sai da aka kankare gindin ganga. Na ɗauko kwalba biyu da suka zo gidanmu na kai masa ba tare da na tambayi mahaifiyata ba. Ya karɓa ya duba su. Biyu ba za su kai ko'ina ba.

Abin da aka sa a jakar sadaka ba a bin sa. Ko mahaukaci ba ya yi. Amma akwai kwalabe goma sha biyu da suka rage a ranar, Mederbek ya tafi da su. Ina gidansa da azahar, mahaifiyata ta aike ni da saƙo, sai ga Toktosun ya shigo, ƙanƙara har gwiwar wandonsa. Tafiyar rabin awa ce ga mai ƙafa biyu. Mederbek yana zaune yana yanka daskararren nama a kan akushi.

"A'a, Mai Ƙudaje da kansa! Yau ƙudan sun ba ka hutu?"

"Baike, kwalaben da suka rage. Idan da saura, ina so."

Mederbek ya ajiye wuƙar. "Kana so. Sadakar uwarka kake bi kana karɓewa? To ni ma bari in bi gida-gida in ce a amayo min goɗiyata."

"Mutuwa suke yi, baike."

"Ƙuda da ma mutuwa yake yi. Zauna, da ma ina neman ka. Ka san abin da ake faɗa a Narin? Buhu takwas na sukari a saman mota, ranar kasuwa, gaban kowa. Cewa ake yi ka ɗura wa ƙudanka sukari, ka tatse, ka zuba wa mutane a jaka da sunan uwarmu. Surukata ta ce da ta lasa sai da haƙorinta ya amsa. A bikin da na je makon jiya har wani ya tambaye ni ko goɗiyar ma ta sukari ce."

Toktosun yana tsaye, hularsa a hannu.

Ni ce na amsa. "Tayake, ba haka ba ne. Zumar da aka raba ta rani ce, ta fure. Ita ce abincinsu na sanyi. Sukarin a madadinta aka ba su, kuma lokacin ya riga ya wuce, shi ya sa..."

"Ke kuma fa? Ba ke kika ce ana ba su ba? Ko yau kin zo da sabon littafi?" Ya yi dariya ya ɗauki wuƙarsa. "Kwalaben suna ɗakin sirdi, biyar suka rage. Ɗauki kayanka. Babu mai sha."

A ƙarƙashin tsofaffin linzamai muka same su, sun daskare, ko murfin ba a taɓa buɗewa ba. Ya zuba su a buhu ya saɓa. Da zai fita sai ya leƙa ɗakin ya ce, "Na gode, baike."

Kwalba bakwai. Da ya kwaɓa, ƙullin da ya samu na amya takwas ne, idan an tsuke. A lokacin ashirin da uku ke sauran amsawa. Burul ta ba ni labarin yadda ya yi. Ya shiga da tiyo da guntun alli, ya bi su sau uku yana saurare, yana ƙwanƙwasawa. Wadda gunjinta ya tashi da ƙarfi ya sa mata alli. Akwai wata tsohuwar amya shuɗiya, cikin taran da Yefim ya bari, ya daɗe a kanta, ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Bai sa mata ba. Sauran goma sha biyar ya ci gaba da sauraron su kowace safiya har suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Burul ta ce masa ya daina mana, tun da ba abin da zai yi musu. Ya ce shi ya zare musu abinci, ba zai kuma toshe kunne ba.

A farkon Afrilu, ranar da rana ta fara narkar da bakin rufin gida, aka fito da su. Ya jera duka talatin da shidan a tsohon wurinsu, masu rai da marasa rai, ya buɗe ƙofofin. Muka tsaya nesa. Biyar ne suka tashi. Suka yi ta zagaye a sama suna sauke abin da suka riƙe, dusar ƙanƙarar ta yi ɗige-ɗige rawaya. Sauran ƙofofin baƙi ƙirin, babu motsi.

Sati biyu ya yi yana wanke matattun. Ƙudan da yunwa ta kashe da kansa a cikin ramin saƙa yake mutuwa, yana lasar gindin, sai dai ka ga bayansu a jere. Ya kankare, ya babbake cikin akwatunan da wuta, ya jibge su a jikin bango. Bai yi kuka ba, bai kuma zagi kowa ba. Burul ce ta yi zagin, a madafa, ƙasa-ƙasa, ba tare da ta kama suna ba.

Da rani ya yi, lokacin ɗumi da fure a wurinmu, ruwa ya sauka sosai, harawa ta yi fure har ƙugu. Irin shekarar da yake jira ke nan tun ina firamare, ta zo ta same shi da amya biyar. Ya raba su suka zama takwas. Cikin matan Bishkek ɗaya ta zo, ta ga abin da ya rage ta juya. Ɗayar ba ta zo ba. Wata 'yar uwarta da ke aure a Narin ta ba ta labarin sukari. A watan Yuli Mederbek ya aiko a ba shi akwatuna goma cikin waɗanda babu komai, matarsa na son wurin da kaji za su riƙa saka ƙwai. Toktosun ya zaɓo goma ya bayar. Shuɗiyar ya ajiye ta a gefe.

A ƙarshen Agusta mahaifiyata ta kira ni. Ɗan Mederbek na uku zai yi aure a Oktoba, da 'yar wani babban gida a Narin, ana shirin jakunkuna. Wai bana an yi ruwa, Toktosun ba shi da hujja. Ko kwalba hamsin ne ya bayar, na manyan baƙi.

"Ke yake jin maganarki," ta ce. "Je ki faɗa masa."

Na same shi a bayan gida yana ɗaga bayan amyoyin ɗaya bayan ɗaya. Da hannu biyu yake ɗagawa yanzu, sun yi nauyi. Ya nuna min inda zan tsaya. Na tsaya a wurin, amma ba da saƙon na fara ba.

"Tayake, ranar nan da aka tambaye ni. Ban ƙarasa maganata ba."

"Na san abin da ke bayan ammarki, Kunduz. Tun ba a haife ki ba na san shi." Ya sauke amya ta bakwai a hankali. "Ba ke kika zare allunan ba."

Sannan na faɗi saƙon. Kwalba hamsin, ta lita, kafin tsakiyar Oktoba.

Ya ɗingisa zuwa ta takwas, ya sa hannu ya ɗaga, ya riƙe ta haka yana jin nauyinta. Ƙudan suna shiga suna fita ta gefen wandonsa.

"Ki ce musu zumata ta sukari ce," ya ce. "Kowa ya sani. Kada a ba gidan amarya kunya."

Ya sauke ta, ya gyara dutsen da ke kan murfin.